Waldar Bahago

Mai karatu, ka taɓa zama cin abinci da mutanen da suka ɗauke ka tamkar ɗansu, suna ta tura maka cinyar kaza, kai kuwa akwai magana a cikinka wadda in ta fito ba za su ƙara buɗe maka ƙofa ba? To haka Odessa ta samu kanta wata Lahadi a gidan su Cordell, saurayinta, ana saura 'yan makonni bikinsu.

An taso daga coci. Mis Verlene, mahaifiyar Cordell, ta cika tebur da soyayyiyar kaza da burodin masara da dafaffen ganye, tana zuba wa Odessa tana mita, wai yarinyar nan ta rame, in ba a yi da gaske ba rigar amarcin sai ta haɗiye ta. Odessa dai juya cokali kawai take. Idonta na kan Mista Lemuel, uban Cordell. Dattijon ya ɗaga butar shayi mai ƙanƙara zai tsiyaya, sai hannunsa na dama ya kama rawa har ƙanƙarar na ƙwanƙwasar gilashi. Caraf Cordell ya miƙo hannun hagu ya karɓe butar yana dariya, yana cewa ai yau ranar hutun Baba ce. Kowa ya yi kamar bai gani ba.

Daga jihar Jojiya har ta Karolaina babu mai walda da bai san sunan Mista Lemuel ba. Da aka fara gina tashar lantarki ta nukiliya a bakin koginmu, shi aka fara nema, shi kuma ya kawo ɗansa. A wurin nan kowane mai walda yana da tambarinsa na ƙarfe. In ya gama haɗa bututu sai ya buga tambarin a gefen waldar, ma'ana ni na yi, kuma an jarraba ni a kan irin wannan aikin na ci. Odessa mai binciken walda ce. Ita ke bin bututu da fitila da madubi, in ta ga abin da bai yi mata ba ta rataya jan kati, aiki ya tsaya.

Ranar Juma'a ta duba wani bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda zai riƙa kai ruwan sanyaya zuciyar tashar. Tambarin Mista Lemuel ne a jiki. Amma walda kamar rubutu ce, kowa da hannunsa, kuma layukan wannan sun kwanta ne ta hagu. Mista Lemuel da dama yake aiki. Bahago ɗaya ne tak a rukuninsu, shi ne wanda zoben alkawarinsa ke yatsanta, kuma ba a taɓa jarraba shi a kan wannan ƙarfen ba.

Da aka kwashe kwanuka ta ja Cordell baranda. Ya zo yana tsokanarta, wai amarya ta ƙosa ne har ba ta iya jiran a gama wanke-wanke. Ba ta yi dariya ba.

"Cordell, wa ya yi waldar bututun ruwan sanyi?"

Ya ce ai ta iya karatu, tambari na nan a jiki. Ta ce tambari ta gani, hannu take tambaya. Ya sosa ƙeya, ya dubi titi, ya tashi ya zauna. Can ya sauke murya ya faɗa mata komai. Tun bazara hannun Baba ya fara rawa. In an ja labulen da ake kare hasken walda, sai su yi musanya: shi ya shiga ya yi aikin, Baba ya tsaya a bakin labule yana gadi, in an gama ya buga tambari. Baba ya roƙe shi ya rufa masa asiri har a gama wannan ɓangaren, ya ajiye aiki da mutuncinsa, kada a ce Lemuel ya ƙare da hannu na karkarwa.

"Ubana ne, Dess. Da ke ce ya za ki yi?"

Kafin ta amsa, ƙofar raga ta buɗe. Ashe Mis Verlene na tsaye da tawul a hannu, ta ji komai. Da lallami ta fara. Ta kira ta 'yata, ta ce ai an ɗauki hoton cikin waldar an ce babu rami babu tsaga, to wa aka cuta? Odessa ta ce hoto ba ya nuna komai da komai. Wannan ƙarfen in aka cika masa zafi yakan lalace ta ciki, sai bayan shekaru ya tsage, shi ya sa doka ta ce sai wanda aka jarraba zai taɓa shi. Kuma bayan tashar akwai makarantar firamare, akwai cocinsu, akwai gidan nan da suke tsaye.

Nan lallami ya ƙare. Mis Verlene ta ce lallai boko ya yi rana, yarinyar da ta goya a coci yau ita ke koya wa gidan Lemuel walda. Ta ce wanda ya ci a teburinsu ba ya kai su ƙara.

"Ki zaɓa. Ko jan katinki ko ɗana."

Odessa ta juya ga Cordell, hawaye na bin kuncinta. Ta ce gobe Litinin dole ta rataya katin, ba ta da wata hanya. Roƙonta ɗaya, shi da Baba su riga ta zuwa su faɗa da bakinsu, don wanda ya kai kansa ba daidai yake da wanda aka kamo ba. Cordell ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. Mista Lemuel kuwa yana ciki a kujerarsa, ya ƙure sautin talabijin.

Da safe ta tsaya a bakin ƙofar tashar da hular kwano a hannu tana duban kowace mota. Ta kira wayar Cordell, ba a ɗauka ba. Ta je ta dawo, ta sayi kofi ta manta shi a kan mota, ta sake kira. Da aka busa ƙahon fara aiki ta goge ido, ta hau tsani, ta rataya jan katin, sannan ta wuce ofishin shugabanta.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Jami'an hukumar da ke sa ido kan nukiliya suka shigo, aka tsayar da ɓangaren gaba ɗaya, aka ce duk waldar da ke ɗauke da tambarin Mista Lemuel tun bazara sai an yanke ta an sake. Aka karɓe tambarinsa. Aka dakatar da Cordell. Ma'aikata da yawa suka koma zaman gida, kuma a gari ƙarami irin namu kowa ya san dalili. A kanti sai a yi shiru in ta shigo. A coci bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai. Wani har ya lanƙaya mata suna, Mis Jan Kati, yara suka ɗauka. Mis Verlene ta aika aka soke ɗakin biki, ta kuma aiko a karɓo zobe.

Odessa ta ce wa ɗan aiken zoben ba Mis Verlene ta sa mata ba. Wanda ya sa shi ya zo ya cire da hannunsa. Cordell bai zo ba, bai kuma kira ba. Ita ma ba ta bi shi ba, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta zagi gidansu ba, ko da ƙawayenta suka yi ta zuga ta wai ta jefa zoben a kogi ta huta. Sai ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share gidan kakarta Eula, inda take zaune, ta sake sharewa, ta wanke labulen da ta wanke jiya. Kaka Eula ta ce in ta ƙara goge teburin nan fentinsa zai fita, ta zo ta zauna ta ɓare mata wake. Da Odessa ta tambaye ta ko ta yi kuskure, tsohuwar ta ce ita ba ta san walda ba, amma ta san yaron da zai yi fushi don matarsa ta ƙi yin ƙarya, gara ya yi fushin tun kafin a yanka kek ɗin biki.

Ana nan sai sakamakon gwajin guntayen da aka yanke ya fito. Yawancinsu lafiya lau. Amma na bututun ruwan sanyi, wanda hotonsa ya fita tas, an tarar zafi ya ci ƙarfen ta ciki. Wani tsohon abokin aiki ya kai wa Mista Lemuel labari har gida. Dattijon ya kira ɗansa gaban uwarsa, ya tambaye shi abu ɗaya: tsakanin shafi da shafi na waldar, yana jira ƙarfen ya huce kamar yadda ya koya masa?

Cordell ya ce a'a. Ta ina zai jira, alhali kowane motsi a bayan labule ji yake an zo kama su? Sauri yake ya gama ya fita.

Mista Lemuel ya riƙe hannunsa na dama da na hagu ya zauna. Shi da ya yi shekaru yana dukan ƙeyar almajiransa a kan gaggawa, shi ne ya tsaya gadi ya sa ɗansa gaggawa. Mis Verlene ta buɗe baki za ta ce wani abu, ya ɗaga mata hannu.

"Verlene, yarinyar nan ba ta tona mini asiri ba. Ta hana sunana zama a jikin abin da zai fashe."

Washegari ya sa rigar cocinsa ya je gaban jami'an hukumar, ya ce laifin nasa ne, shi ya sa ɗansa, ya kuma nuna musu wasu wuraren da binciken bai kai ba tukuna. Daga can ya wuce gidan Kaka Eula, Cordell na biye da shi kamar wanda ruwa ya daka. Dattijon ya cire hula ya ba Odessa haƙuri a tsaye. Cordell kuwa ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce ya san ya bar ta ita kaɗai a lokacin da ya kamata ya tsaya kusa da ita, in ta ce ya cire zoben zai cire.

Odessa ta dube shi ta dube shi. Ta ce ba ta yafe don ya zo ba, za ta yafe in ta ga abin da zai yi. Ya jira wa'adin dakatarwarsa ya cika, ya zauna jarrabawar wannan ƙarfen kamar kowa, ya samu izininsa da hannunsa. Sannan ya sani, ko bayan aure, in waldarsa ba ta yi ba za ta sa a yanke.

"Ko a ranar bikin?" in ji shi, yana neman murmushinta.

"Musamman ranar bikin."

Kaka Eula ta tuntsire da dariya daga kicin.

An kai lokacin kaka kafin a yi jarrabawar. Ya faɗi a karon farko, ya koma gareji yana gwaji, uban na zaune a gefe yana masa tsawa in ya yi sauri. A karo na biyu ya ci. Kamfanin ginin tashar bai mayar da Mista Lemuel walda ba, amma kwalejin koyon sana'a ta garinmu ta ɗauke shi koyarwa, kuma darasinsa na farko ga kowane sabon aji labarin kansa ne, ba ya rage komai. Ni a ganina da tun farko akwai irin wannan ƙofa ga dattawan da hannunsu ya gaji, da ba a kai ga ɓuya a bayan labule ba.

Mis Verlene ce ta ƙarshe. Da aka sake sa ranar aure, ana saura kwana kaɗan biki ta iso gidan Kaka Eula da allura da zare, fuska a ɗaure, ta ce a fito mata da rigar, ba za ta bari surukarta ta shiga coci kamar an rataya buhu a ƙusa ba. Tana cikin kama kugun rigar sai hawaye suka zubo mata. Ta ce ita mijinta take karewa, ba ta san wata hanya ba. Odessa ta riƙe hannunta ta ce ta sani, Mama. Ranar ce ta fara kiranta Mama, kuma Mis Verlene ba ta hana ba. Aka yi biki, ɗakin ya cika, har da waɗanda suka yi mata shiru a kanti.

Darasin a fili yake. Son da zai ce ka rufe ido a kan abin da zai cuci jama'a, tsoro ne ya sa rigar so. Wanda ya yi haƙuri a kan gaskiya zai sha kaɗaici, amma abin da ya dawo masa daga baya nasa ne har abada, ba ya bukatar gadi.

Don haka mai karatu, in akwai wani aiki da ka san an rufe shi da sunan rufin asiri, ko a gini ne, ko a asibiti, ko a garejin gyaran mota, kada ka jira Litinin. Je ka sami mai laifin yau, ka ce masa ya zo ku tafi tare ku faɗa. In ya ƙi, ka tafi kai kaɗai.