Sassaƙen Dajin Gajimare

Daren da Malam Fatihu ya dawo gida garin Bowie daga yawon buɗe ido a dajin gajimare na ƙasar Kosta Rika, sai ya ji kukan kwaɗi a ƙofar gida, ana tsakiyar sanyi. Da ya buɗe, wata tsohuwa ce tsaye, raɓa na ɗiga daga zanenta. Fatar ƙaurinta a saɓule take, daidai faɗin sassaƙen da ya faki idon ɗan jagora ya ɓantaro daga wata bishiya saboda ciwon gwiwa.

Hannu kawai ta miƙo. Dattijo da furfurarsa, ya sunkuyar da kai, ya zaro sassaƙen daga cikin safa ya ba ta.

Da safe maƙwabciyarsu Sailuba ta leƙo, a gaban matarsa ta ce, "Malam, baƙuwar jiya mai ɗingishi, me aka ɗaukar mata ne?"