Ɗan Icen da Ya Bar Gurbinsa

"Kai ne na ƙarshe da ya ɗaga wa Papa murya," in ji Sesime.

"Ni da na yi wata ban tako gidan nan ba?" Lokonon mai zane ya mayar mata. "Ke ce dai kike jiran ya mutu ki loda komai a jirgi."

Sufeto Agbangla ya bar su suna yi. Gawar Papa Gandonu, mahaifin Sesime, tana gindin matakala, an rufe ta da ƙyallen da ake lulluɓe zane. Likita ya ce a ƙeya ya bugu, tun jiya da yamma bayan an tashi aiki. Ba a fasa ƙofa ba.

Duk Kwatano an san tsohon. Bayan samun 'yanci ya mayar da rumbun manjan ubansa gidan baje zane-zane, lokacin da masu zane ke tallar aikinsu a ƙofar otal. Doka ɗaya ya kafa: abin da gidan ya mallaka ya zama na mutanen gari, ba ya sake fita, ko da mai aikin ne ya zo da kuka.

Agbangla ya hau bene. A can aikin da ya fito da sunan Lokonon yake: bango guda cike da gurabe, kowane gurbi da ɗan mutum-mutumin ice, irin wanda ake sassaƙawa idan ɗan tagwaye ya rasu, a riƙa yi masa wanka ana ciyar da shi kamar yana raye. Gurbi ɗaya a gefe babu komai. Sufeto ya shafa katakon. Manja ne ya daskare, wani kan wani.

Ya sa aka kira Sesime. Ta ce babu abin da ya ɓace, gurbin haka aka tsara shi, manjan kuwa na tsohon rumbu ne.

"Manjan kakanki yana hawa bene, Madam?"

Ta amsa cewa ƙarya ta yi. Wani gidan tarihi na Turai yana son aron aikin, kuma idan aka ji bai cika ba, maganar ta mutu. Sun sha yin faɗa da uban a kan maganar aron. Manjan kuwa ta daɗe tana ganinsa, ta yi ƙorafi, tsohon ya ce ta bar shi, mai zubawa ya san abin da yake yi.

"Wa ke da mabuɗi bayan ku biyu?"

"Lokonon. Papa ya ba shi tun yana saurayi."

A ofishin Sufeto, Lokonon ya nace cewa duk 'yan icen daga hannun dillalai ya saye su, waɗanda danginsu suka yasar. Bai san komai a kan manja ba. Fanka ba ta aiki, gumi na bin wuyansa, amma kwat ɗinsa a maɓalle har sama. Agbangla ya ce ya cire ya sha iska. Ya ce sanyi yake ji.

Sufeto bai matsa ba. Ya bar shi a zaune har rana ta karya, sannan ya aika aka sayo wake da manja da gari, kwano biyu.

"Ci, ɗan'uwa. Ba mu kashe mutum da yunwa a nan, sai da tambaya."

Lokonon ya ja kwanon. Kafin ya kai loma baki, yatsansa ya dangwali manja ya zarce cikin kwat, wajen ƙirji. Hannun ya tsaya a can. Ya ɗago ido, ya tarar Agbangla bai taɓa nasa abincin ba.

"Fito da shi," in ji Sufeto a hankali.

Ya fito da ɗan icen. Bai wuce tafin hannu ba, fuskar ta shafe saboda wanka, an ɗinka masa sabuwar riga.

"Zinsu ne. Tare aka haife mu."

Sauran bayanin ya zo da kansa. Yana saurayi ya sa ɗan'uwansa a cikin aikin, don a ganinsa sauran duk marayu ne, ana bukatar ɗaya mai dangi. Shekara da shekaru yana zuwa a ɓoye yana ba shi abinci. Yanzu uwarsu tana kwance ba lafiya, ta ce a kawo mata ɗanta. Ya roƙi tsohon, tsohon ya ce doka ba ta da ɗan gida. Jiya ya shiga ya ɗauka, suka haɗu a kan matakala, Papa ya riƙe masa hannu.

"Fizgewa na yi, Yallaɓai. Na ji ƙarar kansa. Ban tsaya na duba ba, ta ƙofar baya na bi."

"Da ka ɓoye shi a gida, da har yanzu ina zargin 'yarsa."

"Ba a barin sa shi kaɗai."

Saje ya shigo da ankwa da ledar ajiye shaida. Agbangla ya san inda ledar za ta: ɗaki mai duhu, tsakanin wuƙaƙe da wayoyin sata, har a gama shari'a. Daga nan kuma Sesime za ta zo da lauya ta ce kayan gidan ne.

Lokonon ya miƙa hannuwansa aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi ledar a kan tebur, Zinsu a ciki.

"Wa zai ba shi abinci gobe?"