Dutsen Niƙan da Ya Je Makaranta

Na rasa ɗan dutsen niƙana, na samu benci a aji. Ku matso, yara, ku ji yadda aka yi.

Ni mai yaji ce a Getso. Tun da maigidana ya rasu, da yaji nake riƙe kaina da jikata. Ba na kai niƙa inji. A kan dutse nake murzawa, shi ya sa nawa ya fi na kowa.

Ana gobe kasuwa na nemi ɗan dutsen na rasa. Da azahar jikata ta dawo, kanta a ƙasa. Ta buɗe jaka. Ga dutsena ya rabe biyu.

"Ke, uwar rawar kai, mene ne wannan?"

"Kaka, Malam Hambali ne ya ce kowa ya kawo dutse. Na ga naki ya fi kyau. Ban san da guduma zai fasa ba."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

Na miƙa mata taɓarya. Ta yi ta dakan barkono tana atishawa, tana hawaye. Duk da haka yajin bai yi laushi ba. Rabinsa na dawo da shi daga kasuwa.

Da safe na yafa mayafi, na tasa jikata a gaba sai makaranta. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, dutsen da na gada daga kakata ka fasa. Ya fi shekara ɗari. Sai ka biya."

"Ki yi haƙuri, Inna, na ɗauka tsinto shi ta yi. Amma ai ya fi shekara miliyan ɗari biyar."

"To, madalla! Kuɗinsa ya ƙaru."

Yara suka fashe da dariya. Malam ya juyo min cikin dutsen. Ja-ja, fari da baƙi, yana ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri. Ya ce da can narkakke ne a ƙarƙashin ƙasa, a hankali ya huce ya daskare.

"Inna, naki ma yaro ne. Can ƙurewar arewa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, akwai kakanninsa. Suna cikin duwatsu mafi tsufa a duniya."

"Me ya kai su cikin sanyi?"

Jikata ta ɗaga hannu. "Kaka, ƙasa tafiya take yi a hankali, kamar tsirar farce. In yanki ya gwabza da yanki, sai duwatsu su lanƙwashe su tashi sama."

"Ashe bakin nan na aiki! Da kin yi tambaya da shi tun farko."

Ta durƙusa. "Ki yafe min, Kaka. Ba zan ƙara ɗaukar abin wani ban tambaya ba."

Na ɗaga ta. Kun ji, yara: kafin ku ɗauki abin da ba naku ba, ku tambayi mai shi, ko da dutse ne.

Malam ya ce zai sayo min sabo a garin Garo.

"Albarka," na ce.

"Har da kawowa gida."

"Albarka. Ƙara dai."

"To, Inna, me kike so?"

Na nuna bencin gaba. "Sabon dutse, da wurin zama a nan duk ranar da za ka yi maganar ƙasar ƙanƙara. In ka yarda, na sallama."