Mai Tukwane a Gonar Kakanni

A can da, mutanen wani gari suka mayar da gonar kakanninsu wurin renon itatuwa, suna aikin sa-kai. Sai fari ya zo, dashen ya fara bushewa.

Mai unguwa ya ce, "Mu haƙura, rana ke shanye ruwan da muke zubawa."

Wata mai ginin tukwane ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana bakwai."

Ta binne tsagaggiyar tukunya a gindin dashen kuka, ta cika da ruwa. Ta binne wata a gindin dashen ɗorawa, ta cika da ruwa. Ana yi mata dariya, ruwa yana tsattsafawa cikin ƙasa.

Ran na bakwai, dashen ya yi toho. Mai unguwa ya tuɓe babbar riga, ya ce, "Inna, miƙo min fartanya, mu binne wasu tukwanen!"