Ungulayen Rufin Mayanka

A bayan mayanka ya fara ganinta, wurin da mai hankali ba ya zuwa neman aure. Tana tsaye da madubin hangen nesa, tana ƙirga ungulayen da ke kan rufi. Shi kuma likitan dabbobi ne mai duba nama.

"Malama, ga hankaki nan birjik, ki ƙirga su mana."

"Hankaka ko bola ta ishe shi, babu abin da ke barazana gare shi," ta ce. "Ungulu ce ke ƙarewa. Bara sha biyu ne a nan, yau biyar. In suka gaza uku, ofis zai mayar da ni wani gari."

Daga ranar, Likita da bai taɓa yi wa ungulu kallo biyu ba ya koma yi mata addu'ar tsawon rai.

Da ya kawo maganar aurenta, mahaifiyarsa ta ƙi. "Duk 'yan matan garin nan, sai mai yini tana leƙen ungulu? Me zan gaya wa dangi?"

Ana haka zazzaɓi ya kwantar da Malama, ta ɗora masa ƙirgan. Ranar farko huɗu. Rana ta uku, biyu. Ya tsaya har wuyansa ya ƙage, biyun dai. Ya tura mata saƙo:

"Sanyin idona, yau tara! Farin ƙirjinsu sai sheƙi yake."

"Ungulu ba ta da farin ƙirji, Likita. Hankaki ka haɗa min. Nawa ne na gaskiya?"

"Biyu. Tsoro nake kada ki tafi."

"Biyu zan rubuta."

Ta kuwa rubuta. Kwana goma ba ta ɗaga wayarsa ba, takardar canjin wuri kuma ta iso. Likita kuwa, abinci ya daina shiga cikinsa.

Mahaifiyarsa ta dube shi a bakin ƙofa. "Dubi wuya kamar igiya. Kira min kawunka, a je gidansu tun ban rasa ɗa ba."

Malama ta amince, bisa sharaɗin ba zai sake sa hannu a ƙirganta ba.

Kwana biyu kafin tafiyarta aka ɗaura aure. Mahaifinta ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ango ya fi kowa ɗaga murya wajen amin, yana dafe da aljihun da tasa takardar canjin wuri zuwa garin da za ta koma take.