Ga Rana, Ga Sola, Babu Wuta

A ajinsu kowa Aku yake kiranta, don bakinta ba ya hutawa. Idan Malama ta yi tambaya, hannunta ne farko a sama, ko ta san amsar ko ba ta sani ba.

Tun da aka kafa farantan sola a rufin gidansu, abin ya ƙaru. Ko maganar fensir ake yi, sai Aku ta san yadda ta yi ta sako sola a ciki.

A bayan ajin akwai wani ƙaramin akwati mai murfin gilashi. Akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Da wuta yake aiki, yana ɗumama ƙwan kamar yadda kaza take yi. 'Yan ajin ne suka jera ƙwan da hannunsu, kuma kullum da safe sai sun leƙa su. Saura kwanaki kaɗan 'yan tsaki su fito.

Ranar Juma'a Malama ta shigo aji da damuwa a fuskarta.

Ta ce, "Kamfanin wuta ya yi sanarwa. Gobe za a ɗauke wuta a duk yankin nan, daga safe har yamma. Za su canza tsofaffin wayoyi. Idan ƙwan nan suka wuni cikin sanyi, 'yan tsakin da ke ciki za su iya mutuwa. Gidan wa za a sami wuta gobe?"

Wata yarinya da ake kira Shiru ta ɗaga hannu a hankali. Ita ce ke zama kusa da Aku.

Ta ce, "Malama, muna da janareta. Tsoho ne, amma yana tashi."

Aku ta ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan janaretan naku mai tari? Ai ƙararsa kaɗai ta isa ta fasa ƙwan. Kuma ku ji fa, babanta ma'aikacin wuta ne, amma gidansu da janareta suke fama."

Aji ya ɗauki dariya. Shiru ta sauke hannunta, ta zuba wa teburinta ido.

Aku ta miƙe ta ce, "Malama, a kai gidanmu. Mu sola gare mu. Ba ruwanmu da kamfani, rana ce ke ba mu wuta."

Malama ta dube ta. "Kin tabbata tana aiki idan an ɗauke wuta? Kin tambayi babanki?"

Gaskiyar magana, Aku ba ta taɓa tambaya ba. A unguwarsu ba a cika ɗauke wuta ba, kuma tun da aka kafa solar ba a ɗauke da rana ba. Amma ga idanun 'yan aji duk a kanta.

Ta ce, "Na tambaye shi, Malama."

Bayan an tashi, Malama ta sa akwatin a motarta, ta kai shi gidan su Aku. Baba ba ya nan. Direban motar asibiti ne, kuma ranar a wurin aiki zai kwana.

Da Malama ta tafi, Mama ta tsaya tana kallon akwatin a kan teburin falo.

Ta ce, "Ni fa ban san kan na'urar solar nan ba. Kin yi magana da babanki?"

"Na yi, Mama."

Ƙarya ta biyu ke nan. Ta fi ta farko saurin fita.

Washegari rana ta fito fes, ko gajimare babu. Aku ta jawo kujera ta zauna gaban akwatin. 'Yar fitilarsa tana haske, 'yar fankar ciki tana ƙara a hankali. Har ta fara shirya abin da za ta faɗa wa 'yan aji ranar Litinin.

Can sai ƙarar ta tsaya. Fitilar ta mutu. Fankar falo ta yi ta rage gudu har ita ma ta tsaya.

Aku ta yi wuf ta miƙe. Ta cire wayar akwatin, ta sa a wani soket. Babu komai. Ta ruga baranda, inda aka kafe inbata, na'urar da ke karɓar wuta daga farantan. Kullum koren haske take nunawa. Yau ja ne.

Ta fita tsakar gida ta ɗaga kai. Ga farantai suna ƙyalli, ga rana tana dukan su. To ina wutar ta tafi?

Mama ta leƙo daga kicin. "Aku, firji ya tsaya fa."

"Yanzu za ta dawo, Mama. Hutawa take yi."

Mama ta yi mata wani irin kallo, ta koma kicin.

Aku ta koma falo. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. Ɗumin yana nan, amma ya ragu. Jim kaɗan ta sake taɓawa. Ya ƙara raguwa. Ta tuna yadda 'yan aji suke layi don su leƙa ƙwan nan. Wasu har sun raɗa wa 'yan tsakin suna tun ba su fito ba. Hawaye suka cika mata ido.

Ana cikin haka Baba ya yi sallama, jakarsa a kafaɗa, idanunsa cike da barci.

"Wannan akwatin fa?"

Mama ta ce, "Ƙwan makarantarsu ne. An kawo ne saboda muna da sola. Ba ta ce kun yi magana ba?"

Baba ya juyo ya dubi Aku. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ƙyar ta ce, "Ban tambaye ka ba, Baba. Ƙarya na yi wa Mama. Na yi wa Malama ma."

Baba ya ajiye jakarsa. Bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ya ce, "Za mu yi wannan maganar. Amma ƙwai ba sa jira."

Mama ta ɗumama ruwa a kan gas, ta zuba a robobi. Suka jera su a gefen akwatin, suka lulluɓe shi da bargo.

Mama ta ce, "Wannan zai riƙe su na ɗan lokaci ne kawai. Ba zai kai yamma ba."

Aku ta share hawaye. "Baba, ga rana fa. Solar ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Aikinta ta yi. Zo ki ga wani abu."

Ya kama hannunta suka fita ƙofar gida. Ya nuna mata wayar da ta taso daga gidansu ta haɗe da turken wuta.

Ya ce, "Solarmu a haɗe take da wayar kamfani. Da rana muna amfani da wutar da ta yi, abin da ya rage sai ya bi wannan wayar ya tafi. Ba mu da batir da za mu tara ta. To duk lokacin da kamfani ya ɗauke tasa wutar, inbata sai ta kashe kanta."

"Me ya sa?"

"Dubi can."

A ƙarshen layin akwai motar kamfani. Wani mutum yana can saman turke, sanye da hular kwano, ya ɗaure ƙugunsa da igiya. Waya ce a hannunsa.

Baba ya ce, "Sun kashe wuta ne don su taɓa waya ba tare da tsoro ba. Idan gidanmu ya ci gaba da tura wuta cikin wayar, wa za ta kama?"

Aku ta ƙura wa mutumin ido. Daidai nan ya juyo, ya hango su, ya ɗaga wa Baba hannu. Ta gane shi. Baban Shiru ne.

Tun safe take roƙon wutar ta dawo, ashe da ta dawo, da baban ƙawarta ta samu.

Baba ya ce, "Akwai gidajen da ke da batir da na'urar da ke raba su da wayar kamfani. Su tasu ba ta ɗaukewa. Mu ba mu kai nan ba tukuna. Ranar da aka kafa ta na fara yi miki wannan bayanin. Kin tuna abin da kika ce?"

Aku ta sunkuyar da kai. "Cewa na yi na sani."

"To yanzu wa ke da janareta a kusa?"

Aku ta san amsar. Karon farko ke nan da ta san amsa amma ba ta son faɗa.

"Gidan su Shiru. Amma Baba, jiya na yi mata dariya a gaban aji. Don Allah kai ka je."

"Ni zan ɗauki akwati. Amma bakin da ya yi dariyar, shi zai yi sallama."

Gidan su Shiru layi biyu ne daga nasu, amma Aku ba ta taɓa jin nisansa kamar ranar ba. Baba yana biye da ita da akwatin cikin bargo, yana takawa a hankali.

Shiru ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi Aku, ta dubi bargon.

Aku ta ce, "Solarmu ba ta aiki idan an ɗauke wuta. Ban sani ba, na cika baki. Kuma abin da na faɗa miki jiya ba shi da kyau. Ki yi haƙuri."

Shiru ta sake duban bargon. Sannan ta ce, "Ƙwan sun huce?"

"Da sauran ɗumi."

"To me kuke jira? Ku shigo."

Umman Shiru ta share musu wuri a kan tebur. Baba ya fita waje, ta bayan gidan, inda janaretan yake. Ya ja igiya, janareta ya yi tari ya yi shiru. Ya sake ja, ya sake tari. A karo na gaba ya tashi da ƙara kamar zai tsaga bango.

Fitilar akwatin ta kama. 'Yar fankar ta fara juyawa.

Shiru ta matso kusa da kunnen Aku, don ƙarar ta yi yawa. "Ya fasa ƙwan?"

Aku ta rufe fuska da hannu biyu. Dariya take yi, kunya kuma tana cin ta.

Ranar Litinin Aku ta ɗaga hannu tun kafin Malama ta yi tambaya. Ta miƙe, ta faɗi duk abin da ya faru. Ba ta rage ƙaryar da ta yi ba. Ta kuma ce janaretan su Shiru ne ya ceci ƙwan.

Malama ta ce, "Ƙaryar ta ɓata mini rai. Amma na ji daɗin gaskiyar da kika faɗa yau. Daga yanzu ke za ki riƙa share akwatin nan."

Sai wani yaro ya tambaya, "To me ya sa solar take mutuwa alhali ga rana?"

Malama ta dubi Aku. Wannan karon Aku ta san amsar, don ta tambaya kuma ta saurara. Ta yi bayanin wayar, da inbata, da mutumin da ke saman turke. Shiru tana gefe tana murmushi.

Ranar Laraba suna tsakiyar darasin lissafi aka ji wani siririn kuka daga bayan aji. Kowa ya ruga. Ƙwai ɗaya ya fashe, ga ɗan tsako jiƙe sharkaf yana ƙoƙarin miƙewa. Kafin ƙarshen mako sauran ma sun fito, sai guda ɗaya da bai ƙyanƙyashe ba.

Aku ta daɗe tana kallon wannan ƙwan. Malama ta ce ko kaza ce ta kwanta a kansu, akan sami wanda bai fito ba. Duk da haka Aku ba ta manta da shi ba.

Har yanzu Aku ake kiranta, kuma har yanzu tana da surutu. Amma ta koyi darasi. Abin da ba ka sani ba, kada ka ce ka sani. Ka tambaya tukuna, don cika baki ba kai kaɗai yake cutarwa ba. Yanzu idan aka tambaye ta abin da ba ta da tabbas a kai, sai ta ce, "Ban sani ba, bari in tambayo."