Ta Zo Ɗiban Wuta

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Zouera ta sauko daga bas a Saint-Fons, hannu ɗaya riƙe da ledar kuɓewa da daddawar da ta sayo a Guillotière, ɗayan riƙe da 'yarta Rauda. Watan Nuwamba ne, lokacin da duhu ba ya jiran kowa a Lyon. Iskar unguwar na ɗauke da warin masana'antu, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda mazauna wurin suka daina ji tuntuni. Mijinta Illiassou yana cikin ɗaya daga masana'antun nan, aikin yamma gare shi, ba zai dawo da wuri ba.

Ita Zouera a gida take aiki. Wani ofishin lauyoyi ne a Paris, masu bin shari'o'in inshora, suke turo mata muryoyin mutanen da aka yi wa tambayoyi: wanda mota ta buge, wanda shagonsa ya ƙone, wanda ruwan maƙwabcin sama ya zubo masa a ka. Sai ta sa abin ji a kunne, ta buga duk abin da aka faɗa, har tari da shiru sai ta nuna inda suka faɗo. A ƙarƙashin teburinta akwai feda irin ta keken ɗinki. In ta taka, magana ta tafi. In ta ɗaga ƙafa, magana ta tsaya. Da yake tana jin Hausa, duk wanda Faransanci ya ƙare masa a tsakiyar bayani ya koma harshen gida, wurinta ake turo muryarsa.

To, mutum in ya wuni shi kaɗai da muryoyi, dole wata rana ya soma hira da su. Zouera kam ta yi nisa a wannan. Idan wani ya shirga ƙarya sai ka ji ta ce, "Kai Malam, ji tsoron Allah." Idan wata ta fashe da kuka, ta ce, "Allah sarki, yi haƙuri." Illiassou har tsokanarta yake yi, wai duk Lyon babu mai yawan baƙi kamarta, ga shi ko shayi ba ta taɓa dafa musu ba.

Abin taƙamarta a duniya kuwa Rauda ce. Yarinya 'yar shekara huɗu, haihuwar Faransa, amma in aka yi sallama ita ke riga kowa amsawa, har da "Bismillah, a shigo," sai ka ce wata dattijuwar Maraɗi. Zouera ce ta koya mata, kuma duk baƙon da ya zo sai an sa yarinyar ta maimaita masa.

Suka shiga gida, ta murɗa makulli. Ta shimfiɗa wa Rauda bargo a tsakar falo, ta zube mata alƙaluman zane, ta zauna a teburinta. Da a Maraɗi ne, uwarta ba za ta bar ta ta kama wani aiki da almuru ba. Amma Paris na son aikin da safe, kuma Paris ba ta san almuru ba.

Muryar ranar ta wani Malam Siddiq ce, ɗan kasuwa ɗan Tawa, mazaunin Sevran, kusa da Paris. Gobara ta cinye gidansa, matarsa Husainatu ta rasu a ciki. Kamfanin inshora yana tantama, domin masu bincike sun ce wutar ba wuri ɗaya ta tashi ba. Ta tashi ne nan da can, daga kicin har bakin ƙofa, kamar wani ya bi yana zubar da ita. Lauya yana tambaya cikin Faransanci, Malam Siddiq yana amsawa da ƙyar. Can ya gaji, ya koma Hausa.

"Wata tsohuwa ce ta yi sallama da magariba. Ta ce ta taho ɗiban wuta. Husainatu ba ta daɗe da zuwa daga gida ba. Can wurinmu in maƙwabciya ta taho ɗiban wuta, ba a hana ta. Ta ce mata ta shigo ta ɗiba. Ina ɗaka ina ji."

Zouera ta ɗaga ƙafa, ta buga. Tausayi ya kama ta. Ɗiban wuta a benen Sevran? Wa ke hura murhu a can har wutarta ta mutu ta zo neman garwashi? Ta ce a ranta, baƙin ciki ne ya taɓa bawan Allah. Ta sake takawa.

"Da hannu ta kwashi wutar gas ɗin. Wallahi da hannu."

Sai shiru. Ana jin takardu suna motsi, da ƙarar motocin Paris can nesa. A bayan wannan duka, wata murya ta taso, siririya, tsohuwa, mai jan magana.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Zouera, idonta na kan rubutu, yatsunta na tafiya.

Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa. Yatsun suka tsaya.

A cikin kunnenta kujera ta ja da ƙarfi. Numfashin Malam Siddiq ya matso, kamar ya sa bakinsa a kan na'urar.

"Wa ya amsa?"

Lauyan ya ce babu wanda ya yi magana.

"An amsa. Mace ce." Muryarsa ta koma raɗa. "'Yar'uwa, ko ke wace ce, don girman Allah kada ki ce mata ta shigo. Kin amsa, ta san gidanki. Amma kada ki ce ta shigo."

Zouera ta ɗauke ƙafarta daga feda. Numfashin bai tsaya ba.

Ta fizge abin jin daga kunnenta, ya faɗa mata a wuya. Falon ya yi tsit. Babu abin da ke motsi sai alƙalamin Rauda a kan takarda. Fitilun masana'antu sun kama ta taga, sama ta yi ja-ja.

Sai wari ya canza. Hayaƙin kara ne, da toka mai laima. Rabonta da jin wannan warin tun tana yarinya a gindin murhun kakarta.

"Salamu alaikum."

Yanzu daga bayan ƙofar gidanta ne.

"Na taho ɗiban wuta, ɗiyata."

Zouera ta danne bakinta da tafin hannu. Ta san abin yi: shiru. Ta ƙudura ko za a kwana ana sallama ba za ta ce uffan ba. Tsoro ya sa ta manta ba ita kaɗai ce mai baki a gidan ba.

"Wa alaikumus salam," in ji Rauda, da muryarta mai zaƙi, ko kai ba ta ɗaga ba. "Bismillah, a shigo."

Ƙofar ba ta buɗe ba. Makulli na nan inda ta bar shi.

Amma an shigo.

Takalmi ake ja a ƙasa, a hankali. Gajeruwar tsohuwa ce, lulluɓe da koɗaɗɗen baƙin zane, fuskar ba ta fito ba. Hannuwanta sun yi fari fat da toka. A ɗaya tana riƙe da tsingaron tukunya.

Zouera ta yunƙura. Ƙafafunta suka ƙi. Ta kama Ayatul Kursiyyu, harshe ya yi nauyi, farkon ayar kawai yake ta juyawa a bakinta.

Tsohuwar ta wuce kicin. Ana jin tafin hannunta yana shafa kan murhun lantarki, yana lalube. Ta buɗe wani abu, ta rufe. Ta dawo.

"Murhunki a mace yake."

"Babu wuta gidan ga, Iya," in ji Zouera. "Na kuran ne, na lantarki. Ki yi haƙuri. Babu."

Lulluɓin ya juya wajen bargo.

"Akwai."

Ta durƙusa gaban Rauda. Gwiwoyinta suka yi ƙara kamar busasshen kara. Ta ɗora hannu a ƙirjin yarinyar.

Rauda ta ƙyalƙyale da dariya. "Kaka, hannunki da sanyi."

Dariyar ta yanke.

A cikin tsingaron wani abu ya soma ja.

"Ni ki ɗiba," in ji Zouera. Hawaye na shiga mata baki. "Iya, ni na amsa. Ni."

Ko kallonta ba a yi ba.

Alƙalamin ya suɓuce daga hannun Rauda. Leɓɓanta suka yi toka-toka.

Zouera ta kifar da kanta daga kujera. Haɓarta ta bugi ƙasa. Wayar abin ji ta shaƙe ta, ta tsinke. Ta ja jiki da gwiwar hannu, ƙafafu na biye da ita kamar ba nata ba. Ta kamo diddigen yarinyar. Sanyi ƙalau. Ta fizgo ta, ta kwanta a kanta, ta rufe ta ruf.

Sama da kanta ta ji ana hura tsingaro, fuu, fuu.

"Wannan ya kai ni yau."

Takalmin ya ja ya nufi ƙofa. Warin kara ya bi shi.

A haka Illiassou ya same su da ya dawo, uwa a kan 'ya, haɓarta na jini.

Rauda ta rayu. Likitocin Lyon sun auna duk abin da ake aunawa, suka ce lafiyarta ƙalau, jikinta ne dai bai cika zafi ba. Tun daga ranar ba ta ƙara yin gumi ba. A tsakiyar bazara, yara na gudu da 'yar shimi, ita tana cikin rigar sanyi biyu a gindin taga tana neman rana. An karɓo rubutu daga malamai, an yi sadaka a nan, an yi a gida. Zouera ta kira ofishin Paris ta ajiye aikin, ta roƙe su kada su ba wani mai jin Hausa wannan muryar. Matar da ta ɗauki wayar ta ce sun saurara, babu kowa a ciki sai lauya da Malam Siddiq, ta kuma ba ta shawarar ta huta.

Yanzu kullum rana ta sunkuya, Zouera na hura gawayi a kaskon turaren wuta, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma ta rungume 'yarta har gari ya yi duhu. Da safe sai ta tarar da kaskon wayam, ko toka babu. Wannan ne ya ɗan kwantar mata da hankali. Tana ganin ta sami abin da za ta riƙa bayarwa.

Wata yamma tana durƙushe tana fifita gawayin, Rauda ta zo ta jingina da bayanta. Sanyin jikin yarinyar ya ratsa rigarta.

"Mama, ki daina wahala."

"Wahalar mi, uwata?"

"Kaka ta ce naki ba ya kai mata gida, a hanya yake mutuwa. Ta ce nawa ne ke daɗewa."